Asalin Majalisar Dokokin Nijeriya da Yadda Take Yin Doka

Kalmar nan majalisa ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Mun aro ta daga Larabci tun da jimawa, kuma tushenta daga zama ne, watau wurin da mutane kan zauna su yi shawara. Tun kafin zuwan Turawa kowane babban Sarki a ƙasar Hausa yana da majalisarsa, inda irin su Waziri da Madawaki da Galadima da Alƙali kan hallara a tattauna al'amuran yaƙi da na haraji da na shari'a. Amma duk wanda ya san fada ya san iyakar wannan majalisa. 'Yan majalisa su faɗi ra'ayinsu, wani ma ya faɗa da ƙarfin hali, sa'an nan Sarki ya yanke. Abin da ke tsare shi daga wuce gona da iri shi ne Shari'a, da ganin idon malamai, da sanin cewa masu naɗa Sarki suna nan.

Majalisar dokoki irin ta zamani, ko da yake da suna ɗaya muke kiransu, ta bambanta da waccan a wuri guda, watau a kan wanda ke da maganar ƙarshe. A cikinta ana ƙirga kawuna, abin da mafiya yawa suka yarda da shi ya zama doka, kuma ba a taɓa kuɗin baitulmali sai da izininta. Abin da za mu bi a nan shi ne yadda wannan maganar ƙarshe ta fita daga hannun Gwamna Bature ta koma hannun wakilan jama'a a Nijeriya, da yadda aka sha ƙwace ta daga gare su, da kuma hanyar da shirin doka ke bi kafin ya hau kan mutane.

Turawan Ingila sun kama Ikko, watau Legas, a 1861, kuma a 1862 suka kafa wata 'yar majalisa mai taya Gwamna yin dokokin garin. Da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914 sai ya kafa Majalisar Nijeriya mai mutum 36, waɗanda 6 kaɗai daga cikinsu ne 'yan ƙasa, har da sarakuna biyu daga Arewa da Alafin na Oyo. Sau ɗaya take zama a shekara, ta saurari jawabin Gwamna, ta faɗi abin da ta gani, a watse. Ba ta yin doka, ba ta da iko kan ko anini. Sarakunan ma ba su cika zuwa ba, kuma da wuya a ga laifinsu, domin tafiya ce mai nisa zuwa taron da ake yi da harshen da ba su ji.

Gwamna Clifford ya rushe ta a 1922, ya kafa Majalisar Dokoki mai mutum 46. A nan ne zaɓe ya fara shigowa, amma ta ƙaramar kafa: kujeru 4 kacal, 3 na Ikko, 1 na Kalaba, kuma ba mai jefa ƙuri'a sai namiji baligi mai samun fam 100 a shekara. A zaɓen 1923 jam'iyyar Herbert Macaulay ta cinye kujerun Ikko duka ukun. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ikon wannan majalisa bai kai Arewa ba. Dokokin Arewa Gwamna ne ke yinsu shi kaɗai ta hanyar sanarwa, Razdan-Razdan da En'e su zartar. Saboda haka yayin da lauyoyin Ikko suka yi shekara ashirin da 'yan kai suna koyon gardama da ma'aikatan gwamnati a zauren majalisa, babu ɗan Arewa ko ɗaya da ya zauna a can da sunan wakilci. Wannan tazara ta yi aiki ƙwarai a cikin abubuwan da suka faru daga baya.

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 1947, shi ne ya tara ƙasar duka a majalisa guda. Ya kuma kafa majalisu a jihohi uku na wancan zamani, watau Arewa da Yamma da Gabas. Arewa ta sami biyu a Kaduna, Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai, inda ake magana da Hausa da Ingilishi, tafinta yana juyawa. Aikinsu shawara ne, da kuma zaɓen waɗanda za su tafi babbar majalisa. A babbar majalisar kuwa, a karo na farko waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba suka fi yawa, amma Gwamna ya riƙe ikon zartar da doka ko da sun ƙi ta. Duk da haka majalisar shawara ma takan yi haƙori idan ta sami mai magana. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, magana da ba a saba jin irinta daga bakin talaka ba, kuma ta zama mafarin gyare-gyare masu yawa.

A farkon wannan shekara ta 1950 aka yi babban taro a Badun domin shirya sabon tsarin mulki, kuma a can ne aka aza harsashin siffar majalisarmu. Wakilan Arewa suka ce tun da mutanensu sun kai rabin jama'ar ƙasa, sai a ba su rabin kujeru. Sarkin Zazzau ya faɗa ƙarara cewa in ba haka ba Arewa za ta nemi a raba ta da sauran, a koma yadda ake kafin 1914, Sarkin Katsina kuma ya goyi bayansa. Aka ba su. Tsarin Gwamna Macpherson na 1951 ya kafa Majalisar Wakilai mai zaɓaɓɓu 136, Arewa 68, Yamma 34, Gabas 34, waɗanda majalisun jihohi ke tsamowa daga cikin 'ya'yansu.

Wannan majalisa ba ta yi tsawon rai ba. Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo batun cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a sa cewa da zarar hali ya yi. Hujjar 'yan Arewa ita ce ba su da isassun 'yan boko da za su riƙe ma'aikatu, kuma mulkin kai na gaggawa zai zama canjin ubangida ne kawai. 'Yan Kudu suka ga da rabin kujeru a hannun Arewa, ga kuma Turawan da ke cikin majalisa, batunsu ba zai wuce ba, sai suka fice. Jama'ar Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu da zagi. A watan Mayu, da AG ta aika da tawaga Kano ƙarƙashin Akintola, rikici ya ɓarke, aka yi kwana huɗu ana faɗa, mutum 36 suka mutu bisa ƙididdigar hukuma. Majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas waɗanda, in da an bi su, da ba abin da zai rage tsakanin jihohi sai 'yar hukumar kula da tsaro da kwastan da makamantansu. A ganina wannan shekara ce ta koya wa kowa cewa ƙirga kawuna kaɗai ba ya riƙe ƙasa irin wannan, domin wanda aka rinjaya da yawa yau, in ya tabbata gobe ma haka za a yi masa, ba zai zauna ba.

Maganin da aka samo a tarurrukan London da Ikko shi ne tarayya. Tsarin 1954 ya raba aikin yin doka: wasu al'amura na majalisar tsakiya kaɗai, wasu na tarayya tsakaninta da jihohi, abin da ya saura kuma na jihohi. Kujeru suka zama 184, Arewa na da 92. A zaɓen 1959 suka kai 312, aka raba bisa yawan jama'a, Arewa ta tashi da 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a wannan zaɓe ba. Ganin jiha ɗaya ta fi sauran duka in an haɗa su, sai aka ƙara majalisa ta biyu, ta Dattawa, inda kowace jiha ke da mutum 12 ba tare da duba yawanta ba, Ikko 4, da wasu 4 da ake naɗawa. Dokta Nnamdi Azikiwe ne ya fara shugabantarta a 1960. Sai dai ƙarfinta kaɗan ne. Ba jama'a ke zaɓen dattawan ba, kuma iyakar abin da za su iya yi wa shirin dokar da Wakilai suka nace a kai shi ne su jinkirta shi wata shida, in na kuɗi ne kuwa wata ɗaya.

Tsarin da aka karɓi mulkin kai da shi irin na Ingila ne. Firayim Minista da ministocinsa 'yan majalisa ne, a cikinta suke zaune, a nan ake yi musu tambayoyi su amsa, kuma ranar da suka rasa rinjaye gwamnati ta faɗi. Tafawa Ɓalewa yana gefe guda, Obafemi Awolowo shugaban masu hamayya yana ɗaya gefen, Alhaji Ibrahim Jalo Waziri kuwa yana kan kujerar Kakaki daga 1960 har 1966. Amfanin wannan tsari shi ne mai mulki ba ya iya ɓuya. Aibinsa kuma, da yake gwamnati ce ke da rinjaye, da wuya majalisa ta ƙi abin da ta kawo.

Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, kuma dokar soja ta farko ta dakatar da majalisa ta mai da ikon yin doka hannun Gwamnatin Soja. Akwai abin lura a nan. Duk sa'ad da soja suka karɓi mulki sukan bar kotuna suna zama, su bar ma'aikatan gwamnati a ofisoshinsu, har su ɗauko farar hula su ba su minista. Majalisa kaɗai ce ba ta da mazauni a tsarinsu. Daga 1960 zuwa 1999 soja sun yi mulki kimanin shekara 29 daga cikin 39, ƙasa ta koma halin da Arewa ke ciki a zamanin Clifford, mutum ɗaya da 'yan shawararsa su sa hannu a takarda da dare, gari ya waye ta zama doka. Wanda ke mamakin ƙuruciyar majalisarmu in an gwada ta da sauran sassan gwamnati, to ya fara da wannan lissafi.

Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta sabon tsarin mulki a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, aka kuma tattauna daftarin a majalisar tsara mulki ta 1977 zuwa 1978. Aka bar tsarin Ingila aka ɗauki irin na Amurka. Shugaban ƙasa jama'a ke zaɓensa kai tsaye, ba ya zama a majalisa, kuma ɗan majalisar da aka ba minista dole ya bar kujerarsa. Majalisar Dattawa ta zama zaɓaɓɓiya, mutum 5 daga kowace jiha cikin 19, jimla 95, ikonta kuma ya zo daidai da na Wakilai, waɗanda aka zaɓi 449. Tsarin 1999 wannan siffa ya gada. Dattawa 109 ne, 3 daga kowace jiha cikin 36 da 1 daga Abuja, don haka Bayelsa da Kano ƙarfinsu ɗaya a can. Wakilai kuwa 360 ne bisa yawan jama'a, Kano da Legas kowace na da 24, Bayelsa na da 5. Tsoron 1950 da na 1953 ke nan aka ba kowanne ɗakinsa. Ana zaɓensu na shekara huɗu, kowace majalisa ta zaɓi shugabanta daga cikinta, kuma sai kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yanta sun hallara zama ke inganta. Bisa al'adar da aka gada daga Ingila ba a zama sai sandar majalisa tana ajiye gaban shugaba, abin da ya sa sandar ta zama abin wawaso duk sa'ad da rigima ta tashi. A Afrilun 2018 wasu sun kutsa zauren Dattawa ana cikin zama suka fice da ita.

To, yaya ake yin dokar? Shirin doka yana iya fitowa daga shugaban ƙasa ko daga ɗan majalisa, kuma yana iya farawa a kowace daga cikin majalisun biyu, muddin al'amarin yana cikin waɗanda tsarin mulki ya ba Tarayya. Sai a yi masa karatu uku. Sunan ya samo asali ne daga Ingila ta dā, kafin ɗab'i ya yawaita, inda akawu kan karanta takardar duka da babbar murya don kowa ya ji. Yanzu karatu na farko sunan shirin kawai ake faɗa, ba gardama. A karatu na biyu ne mai shirin ke bayyana manufarsa, a yi muhawara kan ko ana bukatarsa, shugaba ya nemi masu goyon baya su amsa da baki, masu ƙi su amsa, ya buga guduma. Shirye-shirye da yawa a nan suke mutuwa. Wanda ya tsira sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, kuma a nan ainihin aikin yake, domin kwamiti ne ke kiran masana da ma'aikatu da ƙungiyoyi ya ji ta bakinsu, ya goge wannan ya ƙara wancan. In ya kawo rahotonsa sai majalisa duka ta bi shirin sashe-sashe, sa'an nan a yi karatu na uku a zartar, a aika wa ɗaya majalisar ta bi wannan hanya tun daga farko.

Dole majalisun biyu su yarda da lafazi ɗaya. In sun saɓa, ko da a kalma ɗaya ce, sai kowace ta ba da mutane a yi kwamitin sasantawa. Bayan haka a kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kuma kowace majalisa ta sake zartarwa da kashi biyu cikin uku, shirin ya zama doka ba tare da hannunsa ba. Nan ne maganar ƙarshe take. Shirin da ya shafi kuɗi yana da tasa ƙa'ida, domin in majalisun suka saɓa ana kiran kwamitin kuɗi na haɗin guiwa, in ya gaza kuma a yi zaman haɗin guiwa na majalisun biyu.

A kan wannan ƙa'ida ta kuɗi aka yi shari'ar da ta fi kowace bayyana ma'anar majalisa a tarihinmu. Jam'iyyar NPN ta Shugaba Shehu Shagari ba ta da rinjaye ita kaɗai, dattawa 36 take da su cikin 95, da wakilai 168 cikin 449, sai da ta ƙulla yarjejeniya da NPP. Da aka zo rabon kuɗin asusun Tarayya, Dattawa suka zartar da kason da ya fifita gwamnatin tsakiya, Wakilai kuma suka zartar da wanda ya ƙara wa jihohi. Aka kai gaban kwamitin haɗin guiwa, ya tsai da nasa, sai aka wuce da shi kai tsaye wurin shugaban ƙasa ya sa hannu a farkon 1981, ba a komar da shi zauren kowace majalisa ba. Gwamnatin Jihar Bendel, wadda Ambrose Alli na UPN ke gwamna, ta kai ƙara. A watan Oktoba na 1981 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Babban Joji Fatayi-Williams, ta soke dokar ɗungum. Hujjarta ita ce kwamiti ɗan aike ne, aikinsa ya sasanta ya kawo, kuma tsarin mulki bai ba wasu 'yan mutane ikon yin doka a madadin majalisa ba, komai gaggawar al'amarin. Aka koma aka sake bin hanya, aka fito da dokar da ta ba Tarayya kashi 55 cikin ɗari, jihohi 35, ƙananan hukumomi 10. Kotun ba ta ce uffan ba kan wane kaso ya fi adalci. Hanyar da aka bi kaɗai ta duba, ta ga an tsallake wakilan jama'a.

Shekara biyu bayan wannan hukunci, ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka dawo. Majalisar da aka zaɓa a 1992 zamanin Janar Babangida an ɗaure mata hannu tun daga farko, Janar Abacha kuma ya rushe ta a Nuwamban 1993.

Daga 1999 zuwa yau majalisa ta zauna ba yankewa, abin da ba ta taɓa samu ba. Ta nuna ƙarfinta a wasu lokuta. A 2000 ta zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta bayan Shugaba Obasanjo ya ƙi sa hannu. Ran 16 ga Mayu, 2006, Dattawa suka yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe wa shugaban ƙasa ƙofar zango na uku. Gyaran tsarin mulki dama ya fi doka wuya, domin bayan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sai majalisun jihohi 24 sun yarda. A Fabrairun 2010, da jinyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi tsawo, majalisa ce ta tsai da cewa mataimakinsa ya riƙe ƙasa. Amma wanda ya dubi saurin tafiyar shirye-shirye zai ga inda nauyi ya karkata. Dokar 'yancin samun bayanai daga ma'aikatun gwamnati ta shiga majalisa tun 1999, ba ta zama doka ba sai 2011. Ta gyaran harkar man fetur an kawo ta a 2008, aka sa mata hannu a 2021. Dokar komawa tsohon taken ƙasa kuwa, a Mayun 2024, cikin mako guda ta gama karatunta uku a majalisun biyu har aka sa mata hannu. Ƙa'idar ɗaya ce a dukkansu, bambancin yana ga wanda ke son dokar.

Saura batun harshe, wanda ba zai yiwu a tsallake shi ba, tun da majalisa wurin magana ce. Mun ga cewa a Kaduna wakili yana iya miƙewa ya yi jawabinsa da Hausa, kuma da haka ne mutanen da ba su yi zurfi a boko ba, amma suka san ƙasarsu ciki da bai, suka sami bakin magana. A majalisar Ikko Ingilishi kaɗai aka yarda da shi. Tsarin 1979, a sashe na 51, ya ce a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata, kuma tsarin 1999 ya maimaita wannan a sashe na 55. Tanadin da ake nufi shi ne tafintoci, da na'urorin juya magana, da akawunan da za su rubuta muhawara, da kalmomin doka da aka daidaita a harsunan uku. Fiye da shekara arba'in ke nan da rubuta wannan sharaɗi, amma har yanzu da Ingilishi ake karatu na farko da na biyu da na uku, manomin Gumel ko na Argungu kuwa sai da yamma yake jin abin da wakilinsa ya faɗa, bayan gidan rediyo ya juya masa.